Dokta Bebey Eyidi da Lafiyar Mutanen New Bell

  Ina gaida iyayenmu malamai da masu unguwanni, ina gaida 'yan kasuwa na Babbar Kasuwa da kasuwar Kongo da Nkololoun, da mahauta da masu tsire da masu shayi, da 'yan acaɓa da suka jingine babura suka kasa kunne. Iyayenmu mata da ke cikin gida, rediyo na gefen murhu, sannunku da aiki.

Yau za mu ɗauko tarihin wani ɗan garin nan na Duwala. Ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba ne, amma abin da ya yi rayuwarsa a kai ya shafi kowane gida a unguwar Hausawa ta New Bell. Sunansa Dokta Marcel Bebey Eyidi. Akwai titi a Akwa da aka sa wa sunansa. Kowane ɗan acaɓa zai kai ka titin ba tare da tambaya ba, amma ka ce masa wane ne mai sunan, da wuya ka sami amsa. Mutumin nan ya fara ne a matsayin ƙaramin ma'aikacin lafiya na gwamnati, ya kai cikakken likita, ya buga jarida, ya shiga majalisa, ya sha ɗauri, ya fito bai daɗe ba ya rasu. Ku gyara zama.

An haife shi a Duwala a shekarar 1914, a gidan wani limamin coci mai yawan 'ya'ya da ƙarancin abin hannu. Duk wanda ya san tarihin garin nan ya san 1914 ba shekarar da ake wucewa da gudu ba ce. A ranar 8 ga Agustanta ne Jamusawa suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell tare da sakatarensa Ngoso Din. Laifin da aka ɗora musu shi ne cin amanar ƙasa, amma tushen rigimar fili ne. Jamusawa sun ƙudura sai sun tashi mutanensa, wato mutanen Bell, daga tudun Joss, wato Bonanjo ta yau, inda ofisoshin gwamnati da kotu da bankuna suke, su mayar da su can baya cikin fadama. Sarki ya ce yarjejeniyar da kakansa ya sa wa hannu a 1884 ba ta ba su wannan iko ba, ya kai ƙara har majalisar dokokin Jamus. Ƙarshenta igiya.

To, ga inda maganar ta shigo fagenmu na lafiya. Hujjar da aka kafa don wannan tashi, hujjar likitoci ce. A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya tabbatar cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan gaskiya ce, kuma duniya ta amfana da ita. Sai likitocin mulkin mallaka suka ɗora nasu lissafin a kai: tunda ƙwayar cutar tana cikin jinin baƙar fata, musamman yara ƙanana, kuma sauro ba ya tafiya mai nisa, to a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. A nan Duwala, likitan gwamnatin Jamus Hans Ziemann yana cikin waɗanda suka fi matsawa a kan haka. Aka tsara a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya, babu gini babu bukka, tsakanin unguwar Turawa da sabon matsugunin da aka yanka wa mutanen Bell. Wannan sabon matsuguni shi aka kira New Bell. Mutanen Kano da ke saurarenmu ba za su ji abin baƙo ba, domin Ingilishi ma sun yi doka a bar yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma a kan irin wannan tunani aka ware Nasarawa.

Ku dubi abin da kyau, jama'a. Ilimin daidai ne, sauro ne ke kawo cutar. Amma maimakon a ce bari a cike kududdufai, a haƙa magudanan ruwa, a raba wa kowa kwinin, sai aka ce bari a matsar da masu cutar can nesa, su ƙarata. Yaron da zazzaɓi ke kashewa ba a ɗauke shi majiyyacin da za a ceta ba, an ɗauke shi haɗari ga wani. Ni a ganina wannan shi ne mafi munin abin da za a yi da ilimin likita, kuma a kansa aka aza tubalin unguwar da muke zaune.

Jamusawa ba su ci moriyar shirinsu ba, don a ƙarshen Satumbar wannan shekara sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Duwala. Mutanen Bell kuwa yawancinsu ba su yarda sun zauna New Bell ba, daga baya suka tare a unguwar Bali. Sai fadamar ta zama masaukin baƙi: Hausawa fatake da mahauta da 'yan koli, Basa, Bamileke, Ewondo, mutanen Dahome da Togo da Senegal da Najeriya. Kowa ya kafa unguwarsa da mai unguwarsa. Faransawa suka ɗauki mazauna wurin a matsayin 'yan ci-rani, yau suna nan gobe sun tafi, don haka ba a damu da tsara tituna ko magudanai ko ruwan famfo yadda ya kamata ba. Asibitin da Jamusawa suka gina a 1896 yana Bonanjo, na Turawa ne. Sai a 1931 aka buɗe babban asibitin 'yan ƙasa, wanda daga baya aka sa wa sunan Dokta Laquintinie. 'Yan ci-ranin da aka ce gobe za su tafi, ga jikokinsu da tattaɓa-kunnensu nan suna sauraron wannan shiri.

(Kiɗan taushi na ɗan lokaci)

Madalla. Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna kan tarihin Dokta Marcel Bebey Eyidi ne.

Da ya tasa ya yi karatun boko, sai ya shiga makarantar mataimakan likita da ke Ayos, wani gari a bakin kogin Nyong, gabas da Yawunde. Sai an san Ayos kafin a san Bebey Eyidi, don haka bari in ɗan tsaya a nan.

A farkon ƙarnin da ya wuce, cutar barci ta yi wa kudancin Kamaru mummunar ɓarna. Ƙudan tsando ne ke kawo ta, kuma makiyaya sun san 'yar uwarta da ke kama shanu, wato sammore. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da kumburin kaluluwa a wuya. In ta daɗe sai ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya kasa barci da dare, hankali ya gushe, jiki ya rame, daga nan sai kabari. A wasu ƙauyukan bakin Nyong, fiye da rabin mutanen gari na ɗauke da ita. Gonaki suka zama daji, garuruwa suka zama kufai.

A 1922 wani likitan sojan Faransa, Eugène Jamot, ya sauka Ayos, kuma a 1926 aka ba shi hukuma ta musamman don yaƙar wannan cuta. Dabarar Jamot ba ta da wuyar faɗa: kada ka zauna a asibiti kana jiran majiyyaci, domin wanda ya iso asibiti da cutar barci ya riga ya makara, kuma kafin ya iso ƙuda ya kwashi cutar daga jikinsa ya rarraba. Tashi za ka yi ka bi mutane har ƙofar gidansu. Sai ya kafa tawagogi masu tafiya a ƙasa, 'yan dako na ɗauke da akwatunan magani da madubin ganin ƙwayoyin cuta. A isa ƙauye, sarki ya tara jama'a kaf, babba da yaro, a jera su. Wani ma'aikaci ya bi layi yana laluba wuyan kowa. Wanda aka ji kaluluwarsa ta kumbura, a ware shi, a zuƙi ruwanta da allura, a ɗiga a kan gilashi. Can ƙarƙashin rumfa wasu na zaune a jere, ido a kan madubi tun safe har yamma. Wanda aka ga ƙwayar a jikinsa, a rubuta sunansa, a fara masa allura nan take. A gama a naɗe kaya, a nufi ƙauye na gaba, bayan wasu watanni a sake dawowa. Cikin 'yan shekaru aka karya lagon annobar.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, masu laluben wuyan nan, da masu duba madubin nan, da masu allurar nan, kusan dukkansu 'yan ƙasa ne. Likitocin Turawa 'yan ƙalilan ne. Samarin Kamaru ne suka taka dajin, suka sha cizon ƙudan, suka kwana a bukkoki. A Yawunde akwai asibiti da sunan Jamot, kuma ya cancanta, amma ɗaruruwan ma'aikatan da suka yi aikin da hannunsu ba a kafa musu allo a ko'ina ba. Makarantar Ayos, wadda aka buɗe a 1932, don horar da irinsu aka yi ta, kuma daga cikinta Bebey Eyidi ya fito.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don shirin faɗakarwa ba shirin kirari ba ne. Aikin nan da ƙarfin hukuma aka yi shi. Fitowa layi dole ce, ga dogarai a tsaye, wanda ya ɓuya a hukunta shi, kuma ba a tambayar kowa ko ya yarda a yi masa allura. Magungunan zamanin, atoxyl da tryparsamide, daga sinadarin arsenic mai guba aka haɗa su, in an zarce ƙima suna kashe jijiyar ido. Haka kuwa aka yi a yankin Bafia, inda wani matashin likita ya ƙara yawan maganin bisa ra'ayin kansa, mutane kimanin 700 suka makance. Laifin ya faɗa kan Jamot a matsayinsa na shugaba. A 1931 aka raba shi da Kamaru, aka tura shi Wagadugu, ya rasu a Faransa a 1937. Mutanen da suka makance kuwa, haka suka ƙare rayuwarsu. Duk lokacin da kuka ji wani dattijo na ɗari-ɗari da allurar gwamnati, kada ku yi saurin ce masa jahili. Tsoron yana da asali.

A tsarin wancan zamani, ɗan ƙasa komai hazaƙarsa mataimaki ne. Zai iya gano cuta, ya ɗinke rauni, ya riƙe asibitin ƙauye shi kaɗai, amma a takarda yana ƙarƙashin Bature ko da jiya Baturen ya gama makaranta. Babu makarantar cikakkun likitoci a Kamaru. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa Bebey Eyidi ƙofa. A Agustan 1940 wani hafsan sojan Faransa, Leclerc, ya sauka nan Duwala ya jawo Kamaru ɓangaren Janar de Gaulle, shi kuma Bebey Eyidi ya shiga cikin 'yan ƙasar da suka ba da kansu, ya yi aikin jinyar sojoji. Bayan yaƙi ya zauna Paris ya yi karatun likita, ya kammala a 1950. Kundin da ya rubuta don samun digirinsa a kan rayuwar Jamot da aikinsa ne, aka kuma buga shi littafi. Ya taɓa aiki a ofishin Dokta Louis-Paul Aujoulat, wanda a lokacin yake ƙaramin minista mai kula da ƙasashen da Faransa ke mulka. Wato hanya ta buɗe masa sosai. Da ya so, da ya yi zamansa a Faransa ko ya riƙe babbar kujera a inuwar Turawa. Sai ya dawo Duwala ya buɗe asibitinsa.

Duwalar da ya dawo ya tarar tana tafasa. A watan Mayun 1955 aka zubar da jini a titunan New Bell tsakanin hukuma da magoya bayan jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai, a watan Yuli aka haramta jam'iyyar, babban sakatarenta Ruben Um Nyobè ya shiga daji. A cikin wannan hali likitan ya kafa jarida mai suna L'Opinion au Cameroun. Jaridar ta riƙa kiran a yi afuwa a zauna a sasanta, tana kuma ba waɗanda aka toshe wa baki fili, har da rubutun Um Nyobè kansa. A ƙarshen 1957, lokacin André-Marie Mbida na firaminista, aka kama likitan saboda haka. Ya fito bai sauya ba. Bayan samun 'yancin kai a 1960, mutanen Wouri, wato yankin Duwala, suka zaɓe shi ɗan majalisa.

A watan Yunin 1962, shi da wasu jagororin adawa uku, Charles Okala da Théodore Mayi Matip da shi Mbida ɗin da gwamnatinsa ta taɓa kama likitan, suka sa hannu a wata takarda suna ƙin shirin Shugaba Ahmadu Ahidjo na mayar da ƙasa ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. Suka ce ƙarshen wannan hanya mulkin kama-karya ne. Watanni uku kafin nan an kafa dokar hukunta masu zagon ƙasa, sai aka yi amfani da ita a kansu. Aka yanke musu wata 30, da suka ɗaukaka ƙara aka mayar shekara 3. Na san Ahidjo na da matsayi a zukatan da yawa daga cikinmu, ɗan Garwa ne, kuma ya yi wa ƙasar nan ayyukan da ba a mantawa. Amma ɗaure likita shekara 3 saboda takarda ba daidai ba ne, ko wa ya yi. An sako Bebey Eyidi a 1965, ya rasu a watan Yunin 1966, bai cika shekara 52 ba. A Satumbar wannan shekara aka kafa jam'iyya ɗaya tilo. Shekara 3 bayan rasuwarsa, a 1969, aka buɗe makarantar likitoci ta farko a Yawunde, ƙarƙashin Farfesa Gottlieb Lobe Monekosso, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka. Ƙanen marigayin kuwa, Francis Bebey, shi ne shahararren mawaƙi kuma marubucin nan, wanda shi ma ya yi aikin rediyo kamar yadda muke yi yanzu.

Wani zai ce, me ya kai likita siyasa? Ya tsaya ga allurarsa mana. Ba shi kaɗai ba ne. Dokta Barau Dikko na Wusasa ta Zariya, likitan farko a Arewacin Najeriya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ni dai ga yadda na fahimci abin. Likitan da ke aiki cikin talakawa, yaro ɗaya zai yi ta dawo masa da gudawa ɗaya, ya ba shi magani ya warke, bayan wata biyu a sake kawo shi. Yana nan kamar mai kwalfe ruwa a ɗaki alhali rufin na yoyo. Ran da ya bi yaron gida ya ga rijiyar da ake sha da masan da ke gefenta, ran nan zai gane cewa ciwon ba a cikin yaron ya fara ba. Kuma wanda ke yanke inda bututun famfo zai bi da inda ba zai bi ba, ba a asibiti yake zaune ba. Daga nan likita mai zuciya zai fara magana, magana kuwa tana da tsada.

(Kiɗan taushi na ɗan lokaci)

To jama'a, mu dawo gida, mu dubi New Bell ta yau.

Cutar barci ta ja baya ƙwarai, sai ɗaiɗaiku a wurare irin su Campo da Fontem. Amma muna da tamu annobar da ba ta gajiya da ziyartarmu, wato kwalara, amai da gudawa. Ta fara shigowa Duwala a 1971, kuma tun daga nan takan lafa ta sake tashi. A 2004 ta ɓulla a Bepanda cikin watan Janairu, ta bazu zuwa New Bell da Nylon, ta yi watanni tana ci, aka kwantar da mutane sama da 5,000 a garin nan. A 2022 ta sake dawowa, har ta shiga gidan yarin New Bell ta kashe fursunoni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu. Ƙasarmu yashi ce, ruwa na kusa, ka haƙa kaɗan ka tarar da shi. Gidajenmu a matse suke. Ma'aikatan lafiya na cewa a bar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da masai, in da hali ma 30. Ku faɗa mini, gida nawa ne a unguwarmu yake da wannan fili? Sau da yawa rijiyarka tana jingine da masan maƙwabcinka, katanga ce kawai a tsakani, ƙarƙashin ƙasa kuwa babu katanga. In damina ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta, kwata ta cika da leda da robobi, ruwa ya hau, abin da ke masai ya haɗu da abin da ke rijiya. In rani ya yi, famfo ya ɗauke, sai kowa ya koma wa rijiyar. Ruwan yakan fito garau, babu wari babu launi, amma ƙwayar kwalara ba a ganinta da ido.

Akwai abin da ya shafe mu musamman mu Musulmi. Da yawa a cikinmu sukan sayi ruwa mai kyau don sha, amma butar alwala daga rijiya ake cika ta, kuma sau biyar a yini muna kurkure baki da wannan ruwa. Haka kwanukan abinci, haka ganyen salak, haka ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo da kunun aya. Ina roƙon kwamitocin masallatanmu su ɗauki ruwan alwala da muhimmancin da suke ba tabarma da lasifika. A tafasa ruwan da zai shiga baki, ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa, ko ruwan javel bisa ƙimar da ma'aikacin lafiya ya nuna, don ƙarfinsa ya bambanta, ba a zuba shi da ka. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, da bayan wanke wa yaro, da kafin taɓa abinci.

In kuwa ta riga ta shigo, alamarta gudawa ce tsararo mai kama da ruwan wankin shinkafa, sau da yawa tare da amai. Ba ƙwayar ce ke kisa kai tsaye ba, ƙarewar ruwan jiki ce, kuma tana iya kayar da ƙato cikin sa'o'i. Kada a jira gari ya waye. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In akwai na ƙunshi da ake samu a kantin magani, ya fi. Ana ba shi yana kurɓa, ana kan hanyar asibiti. Wanda aka kai da wuri, da izinin Allah, kusan kullum yana tashi. Masu mutuwa yawanci waɗanda aka ɓoye ne a ɗaki don kunya, ko aka tsaya gwada jiƙe-jiƙe har jiki ya saki.

Sai maganar da ta fi nauyi, wato gawa. In Allah ya karɓi ran wani ta wannan cuta, jikinsa da tufafinsa da shimfiɗarsa duk suna ɗauke da ƙwayar. An sha ganin annoba ta tashi daga gidan makoki, saboda hannun da ya yi wanka shi ya koma ya taɓa abincin sadaka. Ba wanda ya ce a wulaƙanta mamaci. A kira ma'aikatan lafiya, a haɗa su da liman, a yi sutura da safar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a gaggauta binnewa, wanda dama shi addini ya koyar. Malamanmu sun fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Kare rayukan masu rai ba ƙarancin tawakkali ba ne.

A Kano da Katsina da Zariya, dattawa na tuna zamanin duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da kwata, in ya ga ƙazanta ya kai mutum gaban alƙali. An ji tsoronsa ƙwarai, amma ba a cika ƙaunarsa ba, shi ya sa da ya juya baya ake komawa gidan jiya. Ma'aikatan da ke zagaya unguwanninmu yau, masu ɗigon shan-inna da masu rabon gidan sauro da masu zuba magani a rijiyoyi, dabarar Ayos suke bi ta zuwa ƙofar gida, amma ba su zo da dogari ba. Ba su da makami sai yardarku. Yarda kuwa mun ga abin da rashinta ke jawowa. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a can a 2003. Kafin a dawo da shi a 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har da Kamaru, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba suka shanye.

Don haka ba na ce muku ku miƙa hannu ido rufe ba. Haƙƙinku ne ku tambaya: wace allura ce wannan, maganin me take yi, wa ya aiko ku, ina takardarku? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin tambaya, wanda kuma ya ji haushi a kai maganarsa gaba. Amma tambaya daban, rufe ƙofa daban. A ranar 22 ga Janairun 2024, Kamaru ta zama ƙasar farko a duniya da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, an fara da gundumomin lafiya 42. Cutar da aka fake da ita aka kafa New Bell, yau ga rigakafinta ana yi wa 'ya'yan talakawa kyauta. Iyaye mata, in kun je awo ku tambaya ko ta iso asibitinku, ku kuma ci gaba da kwana cikin gidan sauro, don allurar ba ta maye gurbinsa.

Saura kira biyu. Na farko ga masu unguwanni da 'yan kasuwa da shugabannin matasa. Kowane yankin lafiya yana da kwamitin jama'a da ake kira COSA, inda mutanen unguwa ke zama da ma'aikatan asibiti. Kujerar Hausawa a irin wannan zama kada ta zauna babu kowa. A can ake faɗin inda famfo ya mutu, da inda kwata ta toshe, da lungun da motar kwasar shara ba ta shiga. A rubuta, a sa hannu, a kai ofishin magajin garin Duwala ta Biyu, in ba a ji ba a sake kaiwa. Ruwa mai tsabta ba alfarma ba ce, muna biyan haraji kamar kowa, kuma shekara fiye da 100 ta isa a daina kiranmu baƙi.

Na biyu ga iyaye. Mukan yi kukan cewa matanmu na jin nauyin likita namiji, ko an yi musu tsawa a asibiti da harshen da ba su ji. Kukan gaskiya ne. Amma likita mace mai jin Hausa ba daga sama za ta faɗo ba, daga ɗakunanmu za ta fito. Ɗan limamin cocin nan da muka ba da tarihinsa ya kai inda ya kai a zamanin da babu makarantar likita ko ɗaya a ƙasar. Yau akwai a Yawunde, akwai a Buea, akwai a Garwa, akwai a nan Jami'ar Duwala, ga makarantun jinya da na ungozoma. Alhaji, in 'yarka na da kai, ka bar ta ta ƙarasa. Hajiya, in ɗanki ya ce aikin jinya yake so, kada ki ce masa kasuwa ta fi.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ji, don Allah ya isar wa wanda bai ji ba, musamman maganar ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu da zuriyarmu daga annoba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.